Sifirin Shafi na Arba'in da Bakwai

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe uku da rabi na yamma

Rahotannin shekara sun iso yau, goma sha ɗaya, an ɗauro su da igiyar roba kamar itacen girki. Shekara ashirin da biyu ke nan ina karɓar su a madadin kwamitin Majalisa mai bin diddigin ayyukan hukumomi. Aikina in karanta, in kwatanta na Faransanci da na Larabci, in tsara tambayoyin da 'yan majalisa za su yi wa daraktoci, ranar zama kuma in rubuta abin da kowa ya faɗa.

Falalu, abokin ofishina, yana raba mana su biyu sai na ga hannunsa ya tsaya a kan ɗaya. Ya zare shi ya cusa a ƙarƙashin nasa kason.

Na ce, "Wanne ne wannan?"

Ya ce, "Na gandun daji ne, ustaz. Bishiyoyi. Kai da bishiya ba ku taɓa shiri ba."

Na Hukumar Kula da Mashigan Kogi ne. Na miƙa hannu, ya ba ni. Ni nake karanta nasu tun ranar da aka kafa su, ban ga dalilin da zai sa bana ta bambanta ba.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Rahoton ya tsaru, dole in faɗi gaskiya. Kwalekwale sittin da huɗu aka yi wa rajista, an raba rigunan ruwa ɗari uku da goma sha biyu. Ambaliyar Oktoba ta sami shafi biyu da hoto ɗaya.

Shafi na arba'in da bakwai, jadawali na goma sha biyu: rayukan da aka rasa a mashigai daga Janairu zuwa Disamba. Sifiri.

Na buɗe na Larabci. A can sifiri ɗigo ne kawai, har na sa yatsa na goga ko ƙura ce ta zauna. Bai goge ba.

A shafi na sittin sun gina shawara a kansa: tunda ba a rasa kowa a mashigin Ngeli ba, bana za a ɗauke masu gadin ruwa shida da ke wurin a kai su wani waje.

Ban yi fushi ba. Abin da nake so in sani shi ne yadda ake yin sifiri, wa ke ƙirgawa, kuma me yake ƙirgawa. Tambaya ce ta aiki.

Alhamis, 10 ga Afrilu, azahar

Zafi ya kai arba'in da huɗu, wuta ta ɗauke sau uku. Na ci abinci.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Na tarar da matata Mero tana ba bishiyar lallen nan ruwa, wadda ke bakin ƙofar ɗakin da muka rufe. Ta ce ganyen ya yi kyau bana, da 'yar nan ta gani. Na ce ƙwarai. Iyakar zancen ke nan.

'Yar nan. Haka Mero ke ce wa 'yarmu, ni kuma Ummi nake cewa. Kakanninmu sun baro Kano a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin nan, suka zauna a unguwar Ridina, suka riƙe abubuwan da na ji Kanawan kansu sun fara saki. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ita ga ta 'yar fari, ga ta da sunan mahaifiyata, kunya biyu a kan suna ɗaya. Rubutawa kam na sha rubutawa, a takardun lakkol, wato makarantar boko, a takardar ɗaukarta aikin koyarwa. Amma shekara ashirin da huɗu bakina bai taɓa furta shi ba. Ban taɓa jin hakan ya rage ni da komai ba.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan ba. Ba shi da alaƙa da rahoton.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na kira Fa'iz, jami'in da ke haɗa alƙaluman hukumar. Mutum ne mai ladabi, yana gaisuwa da Larabci yana bayani da Faransanci.

Na ce masa ina da ƙaramar tambaya a kan jadawali na goma sha biyu.

Ya ce, da irin "Malam" ɗinsu na Faransanci, "Mushe Ilyasu, ba mu ce babu wanda ya mutu ba. Cewa muka yi babu wanda aka rubuta."

"Mene ne bambancin a wurinku?"

"Takarda. Ba ma shigar da kowa sai da takardar shaidar rasuwa daga wata hukuma ta wannan gaɓar. In babu takarda, mafi, wato babu."

"Wa ya kafa muku wannan ƙa'ida?"

Ya ɗan yi dariya, ba ta raini ba. "Ai daga wajenku ta zo. Shawarar kwamiti ce, mu bi kawai muke yi."

Na gode masa. Na ajiye wayar a hankali. Ban tuna da wata shawara irin wannan ba, kuma ni ba na mantuwa.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Ɗakin ajiyar takardu yana ƙasa, ba taga, fankarsa ta mutu tun bara. Falalu ya biyo ni da tocilar wayarsa yana ta ƙorafi wai zan kashe shi kafin ya aurar da 'ya'yansa.

Mun same ta a kwali na huɗu. Shawara ta tara, shekara shida da suka wuce. A shekarar hukumar ta rubuta mutum arba'in da ɗaya, da aka bincika sai aka ga wasu an ƙirga su sau biyu, wani ma an gan shi da ransa yana sayar da kifi a kasuwar Dembe. Kwamiti ya ce daga yau ba a shigar da rai sai da takarda.

An maƙala daftarin farko a baya. Koren biro. A duk ginin nan mutum ɗaya ne ke rubutu da koren biro.

Jimla ce mai kyau, na sake karanta ta sau biyu ban sami abin gyarawa ba. Na tuna ma shugaban kwamiti na lokacin ya yaba mini a kanta.

Falalu ya kashe tocilar. A cikin duhu ya ce, "Gaskiya ka rubuta a lokacin, Ilyasu."

Bai saba kiran sunana ba. Na ce ya kunna, ban gama mayar da takardun yadda suke ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Tunda na fara bin zaren, wajibi ne in bi shi har inda ya shiga gidana.

Hanyar makarantar da Ummi ke koyarwa ta yanke a makon ambaliyar Oktoba, malamai suna shiga kwalekwale daga Ngeli. Wata safiya ta shiga, ruwa ya tafi da ita. A rana ta uku masunta suka same ta a gaɓar Kusiri, wato ƙasar Kamaru. Limamin wurin ya ce ba za ta iya jiran a haye da ita gada ba, na duba na ga gaskiyarsa. Kafin azahar an gama jana'iza. Ƙanina ya raɗa mini a kunne cewa ya kamata mu nemi takarda. Na tuna amsar da na ba shi: takardar me?

Ni ne na faɗi haka. Ni da ba na karɓar ko goron biki a ofis sai na ga katin gayyata.

Kamaru ba ta ƙirga ta ba, don ba a mashiginta abin ya faru ba. Mu ba mu ƙirga ta ba, don babu takarda. Yanzu na san yadda ake yin sifiri. Saura in san ko ita kaɗai ce a cikinsa.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na haye gadar Ngeli da safe, a ƙasa, cikin 'yan kilando masu haya da babur da mata masu ɗauke da buhunan sabulu. Ban kalli ƙasan gada ba. Ruwa ya ja baya ƙwarai, an ce.

Mai haƙan kabari a maƙabartar Kusiri tsoho ne, Baba Hashimu, Hausarsa ta Garwa. Ya gane ni tun daga nesa.

"Alhaji mai takalmin ofis! Wata shida. Na ce ko ka manta hanya."

Na ce aiki ne ya riƙe ni.

"Kowa aiki. Ni ma ga shi aikin ya riƙe ni, ba wanda ke ba ni hutu."

Ya kai ni layin da ke ƙarƙashin dogon yaro. Sai yau na lura cewa a kan kowane kabari a layin an kafa guntun katakon kwalekwale, ba tukunya ko dutse irin na sauran ba. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Waɗanda ruwa ya kawo mana daga wajenku ke nan. Ina sa musu katako don in masu nema sun zo kada in yi ta lalube. Ni ba na rubutu, Alhaji."

Na ƙirga. Na bara tara ne.

"Huɗu an zo nemansu, har da taka. Biyar ba wanda ya zo. Wannan na ƙarshen yana da zobe a ɗan yatsa, na ajiye, ko Allah zai kawo mai shi."

Na tambaye shi ko wani daga hukuma ya taɓa zuwa.

"Wace hukuma? Taku ko tamu?" Ya yi dariya har ya yi tari. "Je ka gaishe ta, ta huɗu daga bishiya. Na san ka sani, faɗa nake kawai."

Na tsaya minti goma. Na yi addu'ar da ake yi. Tururuwa sun yi hanya ta gefen katakon, suna ɗauke da wani farin abu, ban gane ko mene ne ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, hantsi

Tara.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai wa Hajiya Ilham daftarin tambayoyin. Ita ce 'yar majalisar da za ta gabatar da rahoton kwamiti. Ungozoma ce kafin siyasa, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta karanta tambaya ta bakwai ta cire tabarau.

"Tara, in ji wa?"

"In ji mai haƙan kabari."

"Na Kusiri. Ɗan wata ƙasa, ba mu da ikon kiran shi, ba shi da takarda. Darakta zai ce in kawo shaida, in tsaya ina kallonsa kamar saniya a gaban masallaci. Ya ustaz, kai ka koya mini wannan aikin."

Ta yi gaskiya. Hanya ɗaya ce dokar zama ta bari: kwamiti na iya sauraron ɗan ƙasa a matsayin shaida, ya faɗi wanda ya rasa, da suna, da rana, da wuri. Rai ɗaya tabbatacce ya isa ya karya sifiri, sifiri in ya karye shawarar shafi na sittin ta faɗi.

Ta ce, "A cikin huɗun da aka nema, ka san uban wani?"

Na ce na san ɗaya.

Ta zo mana ta'aziyya a Oktoba, ta zauna da Mero har la'asar. Ta dube ni ta ce, "Ka san mai riƙe da biro ba ya zama shaida. In ka zauna a kujerar can, ka bar kwamitin nan ke nan. Ba na roƙon ka, ba na hana ka. Zaman ranar Talata ne."

Na ce zan nemi sauran ukun tukuna.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na same su ta hannun limamin Kusiri. Na farko sun koma kudu. Na biyu ɗan kasuwa ne daga Maiduguri, yana zaune a unguwar Gardole, takardun zamansa ba su cika ba. Da ya ji kalmar Majalisa sai ya miƙe ya raka ni ƙofa da kansa. Ta uku uwa ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta bar wa Allah, ta ce in sha shayina kada ya huce.

Ban ga laifin ko ɗaya ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na sa Falalu ya duba ko shaida na iya rubuta suna a takarda ya miƙa. Na san amsar, ni na gyara wannan sashen na dokar. Abin da naɗin murya ya ɗauka shi ne shaida, abin da ba a furta ba bai shiga ba.

Ya ce, "To ni in faɗa, kai ka ce e."

"Ba a yi wa shaida jagora."

"Wallahi kai da dokokinka kun isa ku hana ruwan sama sauka." Sannan ya ce, "Suna ne fa, ustaz. Kai ka raɗa mata shi."

Liman ne ya raɗa. Ni ina zaure ina raba goro, kaina a sunkuye, kamar yadda aka koya mini.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Na gaya wa Mero komai, har da koren biron.

Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce, "A gaban mutane, Malam?"

"Mutum talatin, ko fiye."

"Da lasifika?"

"Da lasifika."

"Me zai ƙara mata?"

Na ce ba zai ƙara mata komai ba. Na ce Oktoba za ta sake zuwa, malamai za su sake shiga kwalekwale, kuma inda aka rubuta sifiri ba a ajiye mai gadi.

Ta ce, "Da Inna na da rai, da ta ce boko ya gama cinye ka."

Na ce haka ne.

Da la'asar na ga farar rigata ta Juma'a a kan igiya, ba ni na ce a wanke ta ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Na gwada furta sunan a mota, tagogi a rufe, daga unguwar Shagwa har Gassi inda Majalisa take. Abin mamaki ne yadda maƙogwaro ke da nasa ra'ayin. Iska tana fitowa, murya ba ta biyo ta. Ina so in san ko likitoci suna da suna ga wannan.

Na miƙa takardar janyewa daga kwamiti. Na ci abinci.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Kujerar shaida ta fi ta magatakarda gajarta da kamar taƙi ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina kallon ta ban sani ba. Daga can ana ganin ƙafafun 'yan majalisa a ƙarƙashin tebur; uku sun cire takalma.

Darakta ya yi bayani na minti arba'in, Fa'iz na miƙa masa takardu. Da Hajiya Ilham ta zo kan jadawali na goma sha biyu, ya amsa cikin natsuwa cewa hukuma ta bi shawara ta tara ta wannan kwamiti, kalma da kalma. Ya karanto ta. Da daɗi a kunne har yanzu.

Ta ce, "Wanda ya rubuta ta yana nan. Shugaba, ina neman a saurari shaida."

Na faɗi sunana da unguwata. Na ce ni na tsara shawara ta tara, na faɗi dalilin da ya sa, na ce ban yi tunanin cewa kogi yana da gaɓa biyu ba. Wani ya yi dariya, ya katse ta da sauri. Na faɗi rana, na faɗi wuri, na faɗi katako tara. Duk wannan ya fito a tsare, kamar ina karanta rahoton wani.

Falalu yana zaune a kujerata. Bai ɗago ba. Ya ce da muryar aiki, "Shaida zai faɗi cikakken sunan wadda aka rasa."

Na kalli jan fitilar na'urar naɗi. Ban san tsawon lokacin ba. Falalu ya ce daga baya daƙiƙa hamsin ne, ya duba. Ba wanda ya yi tari. Abin da ya zo mini shi ne wata safiya tana 'yar shekara bakwai, ta tsaya a gabana da jakar lakkol ta ce, Baba, ko ka san sunana kuwa? Na ce mata wuce ki tafi kada ki makara.

Na ce, "Halimatu Sa'adiya Ilyasu. Malamar aji uku. 'Yata ce ta fari."

Sunan ya fi yadda nake zato tsawo. Yana da wurin hutawa a tsakiya.

Ban da ni, Hausawa biyu ne kawai a zauren, Falalu da wani dattijo ɗan majalisa daga Abeshe. Su kaɗai suka san abin da aka yi. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da gefen rawaninsa, kamar yadda ake yi in an ga abin da bai kamata a gani ba. Ban ji haushinsa ba. A da ni ma haka zan yi.

Darakta ya miƙe tsaye ya yi mini ta'aziyya. Na karɓa.

Laraba, 30 ga Afrilu, azahar

An soke shawara ta tara. Masu gadi shida za su zauna a Ngeli. An ba hukuma wata biyu ta aika mutum Kusiri ya zauna da Baba Hashimu. Fa'iz ya kira ni yana tambayar hanya, na ce ya tafi da goro, kada ya sa takalmin ofis.

Sifirin zai koma ɗaya, ba tara ba. Ɗaya ce ke da shaida. Hajiya Ilham ta yi faɗa har aka yarda a sa kalmar aƙalla a gabansa.

An mayar da ni kwamitin muhalli. Rahoton farko da ke jira na a kan tebur na gandun daji ne. Falalu ya leƙo ya ce, "Bishiyoyi, ustaz," ya gudu kafin in sami abin jifa.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Takardar gyara ta fito, 'yar siririya kamar yatsa biyu, ana manna ta da gam a kan jadawalin a kowane kwafi. Falalu ya kawo mini ɗaya. Ya manna ta a karkace kaɗan, na bar ta a haka. In aka ɗaga shafin a hasken taga ana ganin sifirin a ƙasa.

Na kawo gida na nuna wa Mero. Ta shafa wurin da yatsa. Ba ta karanta Faransanci, amma ta san ɗaya.

Muna zaune a tsakar gida kusa da lallen. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Su sun ji."

Na ce sun ji.

"Mutum talatin, waɗanda ba su taɓa goya ta ba."

Na rufe rahoton.

Ta tashi ta tura ƙofar zaure ta sa sakata, ta dawo ta zauna. Ta ce, "Faɗa mini yadda ka faɗa musu, Malam."

Na faɗa.

Ta ce in sake, a hankali.